Bushin sandar famfo a tsohon injin Ford V8

Wanda duk ya ce ya farfaɗo da tsohon injin Ford V8 mai shafaffen kai, wanda Amurkawa ke kira Flathead, tambaya ɗaya dattawan sana'armu ke fara yi masa: “Ka canja bushin sandar famfo?” In ya tsaya inda-inda, an gama sanin irin aikinsa. Bushin nan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba, amma an daɗe kafin makanikai su ba shi muhimmancin da ya kamata.

Injin ya fito a 1932. Henry Ford ya dage sai an zuba bulok mai silinda takwas a dunƙule ɗaya, domin mota mai ƙarfi ta shiga hannun talaka, Charles Sorensen da mutanensa kuma suka sha fama a maƙerar River Rouge kafin zubin ya yi kyau. Na farkon yana da ƙarfin doki 65. Bawul ɗinsa na cikin bulok, a gefen silinda, shi ya sa kansa ya zama shafaffen murfi kawai. An ci gaba da ƙera shi a Amurka har 1953.

Famfon fetur ɗinsa yana zaune ne can sama, a bayan manifol, nesa da kamshaf ɗin da ke motsa shi. Sai aka haɗa su da wata siririyar sandar ƙarfe: ƙasanta na kan wani tozo da ke gindin kamshaf, samanta na tokare da hannun famfo. Duk juyi ɗaya na kamshaf sandar ta ɗaga ta sauka, tazarar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na inci ba. Bushin da muke magana a kai shi ne hannun rigar da aka danna cikin bulok domin sandar ta riƙa zamewa a cikinsa.

Makanikan farko, na shekarun 1930 da lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba ruwansu da bushin. Sandar ce damuwarsu. Tana cinyewa a hankali, bugun famfo ya ragu, mota ta fara shaƙewa a hawan tudu. Maganin da ya shahara a lokacin shi ne a yanko guntun fata daga bel ko tsohon takalmi a cusa a kofin hannun famfo, tsawon da ya ɓace ya dawo. Mai hali kuma ya kai wa mai walda a ɗora tagulla a kan sandar a goge. Har yau mukan buɗe famfo mu tarar da busasshiyar fatar a ciki. Ban taɓa raina masu wannan dabara ba: manomi ne ke son komawa gona, injin kuma yana da arha, in ya gaji dillalin Ford zai karɓa ya ba ka wani da aka sabunta.

Ruɗanin tsawon sanda ma tun wancan zamani yake. Ta manifol ɗin alminiyom ta gaza ta manifol ɗin baƙin ƙarfe da kusan inci guda, ta injin 8BA na 1949 zuwa 1953 kuma ta fi su duka tsawo. An zargi famfo mai lafiya sau ba adadi, alhali sandar wani injin aka saka masa.

Samarin Kalifoniya kuwa sun ci karo da sirrin bushin, ba da niyya ba. Bayan yaƙi sojoji suka dawo gida, tsofaffin Ford na zube a bola, tseren gudu a busasshen tafkin El Mirage ya kankama, daga 1949 kuma aka haɗa da filin gishirin Bonneville. Vic Edelbrock da Barney Navarro da kamfanin Offenhauser suna ƙera manifol mai ɗaukar kafireta biyu ko uku, yawanci Stromberg 97. Famfon asali kuwa yana da aibi sananne. Hayaƙin wannan injin yana ratsa cikin bulok kafin ya fita, don haka zafi halinsa ne, famfon kuma na zaune a kan zafin. Da rana ta take sai fetur ya tafasa a cikin bututu, mota ta mutu a tsakiyar titi. Sai mutane suka koma famfon lantarki, suka cire na asali, suka zare sandar, suka rufe wurin da faranti.

Nan ne wasu suka ga allurar gejin baƙin mai ta yi ƙasa. Dalilin yana cikin zanen bulok ɗin: ramin da bushin ke zaune ya ratsa hanyar da baƙin mai ke bi daga famfonsa, a bayan injin. Ashe bushin ba jagorar sanda kaɗai yake yi ba, shi ne bangon da ya tare hanyar man. In babu shi, man da ya kamata ya isa beyarin na karanshaf da kamshaf sai ya tsiyaye ya koma ƙasa, kamar mai ban-ruwa da aka fasa masa kwari tun daga bakin rijiya. Karanshaf ɗin nan kuwa a kan manyan beyarin uku kacal yake kwance, ba ya haƙuri da ƙishi.

Daga nan gardamar da ba ta mutu ba har yau ta samo asali. Wasu na cewa muddin bushin na nan daram, zare sandar ba ya cutar da komai. Wasu na cewa man da ke shafa sandar zai sami ƙofa a buɗe, don haka ko dai a bar sandar a wurinta ko a toshe bushin. Ni ina tare da na biyu, ba don na farko ƙarya suke yi ba, sai don toshewar aikin minti kaɗan ce, sake buɗe injin kuwa aikin makonni.

Zamani na uku na masu maido da mota kamar ranar da ta fito ne. An kafa ƙungiyar Early Ford V-8 Club of America a 1963, lokacin da motocin suka tashi daga kayan bola suka zama abin adanawa. A hannun waɗannan ne canja bushin ya zama ƙa'ida. Baƙin man da aka yi amfani da shi a da ba ya ɗauke datti, motoci da yawa kuma sun fito ba matatar mai, don haka hanyoyin man sukan cika da laka mai kauri. Ana tsoma bulok a tankin soda mai zafi a dafa shi, amma in ba a fitar da bushin da matosai ba, lakar da ke laɓe a bayansu tana nan, jira take sabon injin ya yi zafi ta saki jiki ta shiga beyarin.

Sai dai ƙa'idar ta haifi nata bala'in. Shagon da ya saba da injinan zamani zai fitar da tsohon bushin kafin wanki, ya manta, ya miƙo bulok fes da ramin a buɗe. Mai haɗawa bai san akwai wani abu a wurin ba. A tayar da injin, geji ya ƙi motsi, a fara zargin famfon baƙin mai. Shi ya sa muke saka sabon tun kamshaf bai shiga ba, da madannin da ya dace da bakinsa, ba tare da an zarce da shi har ya taɓa tozon ba. Sannan a shafa wa sandar mai a zura: ta sauka da nauyin kanta, kada ta cije, kada kuma ta yi rawa.

Bulok mai lafiya sai ƙara wuya yake, domin yawancinsu sun tsage tsakanin bawul da silinda. An ɗan sami sauƙi lokacin da rarar injinan sojan Faransa, waɗanda aka ƙera wa manyan motocin SUMB bayan Amurka ta daina nata, suka shigo kasuwa. Fetur ɗin yau mai gauraye da etanol kuma yana cinye robar tsohon famfo, abin da ya sa da yawa ke haɗa biyu: na lantarki kusa da tanki domin cika kafireta bayan mota ta daɗe a ajiye, na asali a mazauninsa yana aikin tafiya. A irin wannan haɗin sandar na nan a cikin bushinta, gardamar toshewa ma ba ta taso ba.