Maɗi da Tsamiya: Zaƙin da Kakanninmu Suka Zo da Shi Yerwa

In ka tambayi yaran Hausari na yanzu inda zaƙi yake fitowa, za su nuna maka shagon mai sukari. Ba laifinsu ba ne, abin da suka tarar ke nan. Amma kakanninmu da suka zauna a wannan unguwa daga tukunya suke fitar da zaƙinsu, da 'ya'yan itatuwan daji.

A 1907 ne Shehu Garbai ya tare a Yerwa, garin da ya zama Maidugurin yau. Kafin nan ma fatakenmu na Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, aka kuma sa mata suna daga itacen kuka. Da sabon gari ya kafu, sai 'yan kasuwa da almajirai da mahauta suka biyo, har zangonsu ya zama unguwa. A lokacin sukari abin masu hali ne, zuma kuwa sai an dace. To, mata sai suka ci gaba da abin da suka iya tun daga gida.

Babba a ciki shi ne maɗi. Idan ɗinya ta nuna ta yi baƙi ƙirin, sai a wanke ta, a jiƙa, a dame da hannu har tsokar ta rabu da ƙwallo, a tace. Ruwan nan ake ɗorawa a wuta, ana juyawa ana kwashe kumfa, har ya ƙafe ya yi kauri. In an sauke da wuri, an sami na sha ke nan. In aka bar shi ya ƙara daɗewa har ya soma kama muciya, ya zama alewa. Hikimar a nan take: ɗanyar ɗinya ba ta jimawa, amma da ruwanta ya ƙone, zaƙin ya taru wuri ɗaya, sai ta daɗe ba ta lalace ba.

Magarya da kurna kuwa shanya su ake yi, a daka, a tankaɗe garin, a yayyafa masa ruwa a cura, a turara. Goruba a kankare bayanta a tafasa. Garin 'ya'yan kuka shi kam ba ya son wuta, damawa kawai ake yi a haɗa da nono. Ita ma aduwa, wadda Barebari ke kira bito, ba a yar da ƙwallonta: a fasa, a dafa abin da ke ciki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. A shekarun yunwa irin na 1913 zuwa 1914 da farin 1973, irin wannan sani ya tsaya wa gidaje da yawa.

Tsamiya ce ta haɗa mu da masu gari. Mu mun zo da kunun tsamiya: a jiƙa ta, a tace, a tafasa ruwan, a zuba wa gasarar gero mai citta da kanumfari. Sai muka tarar Barebari da Shuwa suna da ardeb, abin shan tsamiya mai kayan ƙamshi da ake fitarwa a biki da azumi. Yau a Hausari da Gwange, in an kira sallar magariba a watan Ramadan, duka biyun za ka gani a tabarma ɗaya, ba wanda ke tambayar na wa ne.

Yaushe abin ya soma ja baya? A 1964 jirgin ƙasa ya iso Maiduguri, a daidai zamanin da kamfanin sukari na Bacita ya fara aiki. Sannu a hankali sukari ya shiga kowane gida. Wa zai tsaya yini guda a bakin murhu, alhali cokali biyu sun gama magana? Daga baya kuma rikicin da ya ɓarke a 2009 ya rufe daji. Matan ƙauye da ke kawo ɗinya da magarya Kasuwar Monday da Gamboru da yawansu suka koma sansanin 'yan gudun hijira, itatuwan da ke kusa da gari kuma gatarin masu gawayi ya ci su.

Yanzu ga shi sukari ya yi tsada, ciwon sukari da hawan jini sun yi yawa a cikinmu. Ba mu ce maɗi magani ba ne, shi ma zaƙi ne, mai lalura sai ya yi hattara. Abin da muke cewa shi ne, sana'a ce da ta rufa wa iyayenmu asiri, ga ta kuma tana neman ɓacewa a hannunmu. Tsofaffin da suka san lokacin sauke tukunyar maɗi daga ƙamshinta kawai sun kusa ƙarewa.

Saboda haka, bana idan ɗinya ta shigo kasuwa, mu sayi ko kwano ɗaya ne, mu kai wa Iya ko Gwaggo, mu ce su nuna wa 'yan matan gida. Wanda kuma yake da fili a ƙofar gidansa, ya dasa tsamiya ɗaya kusa da dalbejiyar nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.