Daga kogi zuwa "makamashi": tarihin allurar Sinawa

Makalar wannan mako a kan maganin tsira allurai ne na ƙasar Sin. Masu tallarsa kan ce yana "daidaita makamashin jiki", sai ka ce mutum batir ne. Wannan fassara ta ƙarni na 20 ce. Sinawan da ruwa suka hango.

A wani kabari da aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a Mawangdui, an tono rubuce-rubuce a kan siliki masu bayanin hanyoyi 11 a jikin mutum. Babu zancen allura a cikinsu, ana ƙona ganye ne a kan fata. Sai a littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa bayan nan, hanyoyin suka zama 12, allura ta shigo, aka kuma kwatanta su da manyan koguna 12 na ƙasar. Abin da ke gudana a cikinsu shi ne "ci" (suna rubuta shi qi), wanda asalin ma'anarsa ta fi kusa da tururi ko numfashi. Ga mutanen da ke fama da ambaliya da haƙar magudanan ruwa, ciwo toshewa ce ko malala, a wani wuri ya yi yawa, a wani ya ƙafe. Aikin allura shi ne buɗe bakin kwata.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutum-mutumin tagulla da likita Wang Weiyi ya sa aka ƙera a 1027, zamanin daular Song, ɗauke da wuraren suka sama da 350. An ruwaito cewa ranar jarrabawa akan shafe shi da kaki a cika shi da ruwa. Ɗalibi ya soka daidai, ruwa ya fito. Ya kuskure, allura ta ci karo da tagulla.

Kada a ɗauka a gida kullum ana girmama sana'ar. A 1822 sarki Daoguang ya kore ta daga makarantar likitocin fada. A 1929 hukuma ta nemi soke maganin gargajiya gaba ɗaya, masu sana'ar suka tayar da ƙayar baya. Gwamnatin Mao ce ta farfaɗo da ita bayan 1950, saboda likitocin zamani ba su isa ba.

Makamashin fa? George Soulié de Morant, Bafaranshen da ya yi aikin jakadanci a Sin, shi ya yaɗa fassara "ci" da wannan kalma a littattafansa na shekarun 1930, Turai ta karɓa. Amurka kuwa sai a 1971, da aka yi wa ɗan jarida James Reston tiyatar afendis a Beijing. Da maganin kashe zafi na asibiti aka yi tiyatar, allura ta zo ne daga baya don rage masa ciwo, amma labarin ya bazu a gurguje kamar ita ta yi komai.

Har yau masu binciken gawa ba su ga waɗannan hanyoyi 12 ba. Wani babban gwaji a Jamus kan ciwon baya, da aka wallafa a 2007, ya nuna waɗanda aka tsira wa allura sun fi samun sauƙi a kan masu karɓar kulawar da aka saba. Sai dai waɗanda aka soka wa sama-sama, a wuraren da ba sa cikin taswirar, su ma kusan haka suka samu.