Ƙa'idojin Inganci da Kariya a Asibitocin Matakin Farko: Ƙaramar Hukumar Malam Madori

A ƙauyukan Malam Madori, kamar sauran yankin masarautar Hadejia, asibitin mazaɓa ko ɗakin shan magani shi ne likitan iyali. Can ake awon ciki da haihuwa, can ake yi wa yara rigakafi. Don haka muka tattara ƙa'idojin da ya wajaba a samu a kowane irin wannan wuri, na gwamnati ko na kuɗi, domin amfanin jama'a da masu unguwanni da kansiloli.

Tushen doka

A shekarar 2007 Jihar Jigawa ta kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manyan asibitoci ƙarƙashin kulawa ɗaya. A yau Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha ce ke lura da asibitocin mazaɓu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti mallakar takardar shaidar inganci, ta kuma haramta ƙin karɓar majinyacin da ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili.

Ma'aikata

Wajibi ne likita, ko nas, ko ungozoma, ko jami'in lafiyar al'umma ya kasance yana da rajista da hukumar da ke kula da sana'arsa. Mai kemis ba likita ba ne, kuma lasisinsa bai ba shi damar yin allura ko ƙarin ruwa ba.

Allura da tsafta

Sirinji ɗaya na mutum ɗaya ne, sau ɗaya. A buɗe shi a gaban majinyaci, a jefa shi cikin akwatin kariya da zarar an gama. Maimaita allura na yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau, kuma wanda ya kamu kan yi shekaru bai sani ba. Dole ne ma'aikaci ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa majinyaci da kuma bayan ya gama, a kuma dafa almakashi da sauran kayan karɓar haihuwa kafin a sake amfani da su.

Magani da rigakafi

A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kowane magani. Ana adana ruwan rigakafi a firji, a ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, a rubuta awon safe da yamma. Zafi na lalata shi, wasu nau'o'in kuma daskarewa ce ke kashe su. A jikin kwalbar akwai da'ira mai ɗan murabba'i a tsakiya. Idan murabba'in ya yi duhu kamar da'irar, rigakafin ya tashi daga aiki. Yaron da aka yi wa lalataccen rigakafi yana nan kamar wanda ba a yi wa ba, alhali iyayensa sun saki jiki.

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. A yi gwajin jini a yatsa tukuna, kafin a ba da magani.

Lokacin damina

Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna mana yadda ruwa ke yanke hanyoyi a yankin kogin Hadejia, ya kuma gurɓata rijiyoyi. Ya kamata kafin ruwa ya sauka kowane asibiti ya tanadi gishirin haɗa ruwan gudawa da ƙwayar zinki da sinadarin tsaftace ruwa, a kuma ɗora magunguna a kan kanta, nesa da ƙasa. Idan aka ga mutane da dama suna amai da gudawa a unguwa ɗaya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar.

Tura majinyaci gaba

Asibiti nagari shi ne wanda ya san iyakarsa. Zubar jini ga mai ciki, jijjiga, naƙudar da ta wuce awa 12, da yaron da ya kasa shan nono ko ya suma, duk a gaggauta tura su babban asibiti mafi kusa, kamar na Hadejia, da takarda mai bayanin abin da aka riga aka yi. Muna kira ga magidanta da su ba da izini tun kafin buƙata ta taso, su kuma san direban da za a tasa ko da tsakar dare.

Haƙƙin majinyaci da aikin shugabanni

Majinyaci na da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa kafin a yi masa aiki, a kuma rufa masa asiri. Wanda ya ga saɓanin haka ya fara sanar da shugaban asibitin. Idan ba a gyara ba, ya kai ga kwamitin raya mazaɓa ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Muna roƙon dagatai da kansiloli da 'yan kwamiti, daga Dunari zuwa Arki da Garun Gabas, da su riƙa leƙa asibitinsu kowane wata, su duba rajistar ma'aikata da takardar awon firji da ruwa da makewayi, sannan su rubuta abin da suka gani su miƙa wa sashen lafiya.