Tsagar Uku-uku a Tarihin Karkarar Kano

Uku-uku tsaga ce da wanzami yake yi da aska, layi uku a kowane kunci, wadda a ƙarni na 19 ta zama shaidar bayin Sarkin Kano da 'ya'yansu, a cikin fada da kuma gandayen sarki da ke ƙauyukan kewayen birni. Tana cikin dangin zanen fuska na ƙasar Hausa, amma ta sha bamban da saura. Zanen asali yana faɗin garin mutum ko zuriyarsa, ita kuwa tana faɗin wanda ya mallake shi.

Zane a al'adar Hausawa

Zane aikin wanzamai ne, kuma sana'ar gado ce mai shugabanta, wato Sarkin Aska. Ranar suna, bayan an yi wa jariri aski, wanzamin gidan yakan yi masa tsagar gidan ubansa, ya shafa baƙin tukunya ko garin gawayi don zanen ya fito sosai. Akwai tsagar gado, wadda ake gane asali da ita, kamar ta Gobirawa da Kabawa da Daurawa. Akwai ta ado, irin su kalangu da 'yar baka da jarfa, waɗanda 'yanmata suka fi yi. Akwai kuma ta magani, da wadda ake yi wa ɗan wabi.

A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, tsagar gado ta yi amfani ƙwarai. Yaron da aka sace, ko mutumin da aka kama a fagen fama, 'yan'uwansa na iya gane shi bayan shekaru, su fanshe shi. Wani hafsan sojan Ingila, A. J. N. Tremearne, ya zana ire-iren waɗannan tsage-tsage a littafinsa na 1913 kan al'adun Hausawa.

Gandayen sarki

Ƙasar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a Afirka ta Yamma: gona na manne da gona, ana zuba taki ana nomawa kowace damina ba hutu. A nan sarakunan Kano suka kafa gandaye. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mai da Fanisau, da ke ƙaramar hukumar Ungogo a yau, ribaɗi don tare hare-haren wani abokin gabarsa, Ɗan Tunku, daga wajen Ɗambatta. A can ne wani Bature matafiyi, Clapperton, ya same shi a 1824. Daga baya Fanisau ta cika da gandaye, haka ma wurare irin su Gasgainu da Sawaina.

Bayi ne suke noma gero da dawa a waɗannan gandaye don ciyar da fada. Kowane gandu yana da sarkin gandu, sama da su kuma akwai manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama. 'Ya'yan da aka haifa cikin bauta, wato cucanawa, su ne aka fi sani da uku-uku. Bawan da ya yi taurin kai kuwa akan kai shi Gidan Ma'ajin Watari a birni, inda ake tsare bayi ana horon su.

Abin da tsagar take nufi

Uku-uku ta zama wa mai ita mari, ta kuma zama masa garkuwa. Idan ya gudu, fuskarsa za ta tona shi a kasuwa ko a ƙofar gari, domin kowa ya san na sarki ne. Amma saboda wannan dalilin ne kuma ba kowa ke iya taɓa shi ba, don wanda ya ci zarafin bawan sarki ya taɓa sarki. Manyan bayin fada sun riƙe dawaki da bindigogi da dukiya, har 'ya'ya masu 'yanci suna neman alfarma a wajensu. Saboda haka a cikin fada tsagar ta zama abin tinƙaho, alhali a gandu, inda ake yini ana duƙe da fartanya, ta fi zama tunin cewa mutum ba mallakin kansa ba ne.

Makamantanta a duniya

Hukumomi da dama sun rubuta ikonsu a fatar waɗanda suka tsare. A daular Rum ana yi wa bayin da suka gudu da masu laifi jarfa a goshi. A Jafan an mai da jarfa hukuncin masu laifi daga 1720 har zuwa 1870. A sansanin Auschwitz, 'yan Nazi sun fara rubuta lamba a jikin fursunoni a 1941, kuma waɗanda suka tsira sun riƙe lambar a matsayin shaidar abin da aka yi musu. A gidajen yarin Tarayyar Sobiyat kuwa fursunoni da kansu suke zana jikinsu don nuna laifinsu da matsayinsu, har wani gandiroba, Danzig Baldaev, ya tara dubban irin waɗannan zane-zane. A duk waɗannan wurare, alamar da ta fito daga tsarewa ta koma tarihin da mai ita yake yawo da shi.

Gushewarta

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, kuma bayi da yawa sun fanshi kansu ta hanyar murgu. An rage ikon manyan bayin fada lokacin da Sarki Abdullahi Bayero ya hau gado a 1926, sannan aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Duk da haka wasu gidaje sun ci gaba da yi wa 'ya'yansu uku-uku, domin ta riga ta zama musu tsagar gado.

Abin da ya kashe zane a ƙarshe shi ne wa'azin malamai, waɗanda suka kafa hujja da hadisan da suka hana jarfa da yin lalas a fuska, da gargaɗin ma'aikatan lafiya kan cututtukan da aska ɗaya take yaɗawa, da kuma gorin da yara suke sha a makaranta. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ita ma ta hana yi wa yaro tsaga. Daina zanen daidai ne, amma tarihin da ke bayansa bai kamata ya bi shi ba. Ya wajaba masana tarihi su zauna da dattawan waɗannan ƙauyuka da tsofaffin wanzamai, su rubuta abin da suka sani cikin mutunci, domin yawancin mutanen gandu ba su bar wani rubutu ba sai wanda ke fuskarsu.