Waiwaye: Yadda Gidan Yari Ya Haifi O. Henry

Idan muka koma Greensboro ta jihar North Carolina a Amurka, inda aka haifi William Sydney Porter a 1862, ba marubuci za mu tarar ba. Saurayi ne siriri mai haɗa magani a kantin baffansa. Tari ne ya kai shi Texas a 1882 neman sauyin iska, ya zauna a gidan gona, daga baya ya zama akawu a wani banki a Austin.

Bankin nan ne mafarin komai. Lissafinsa sakaka yake, Porter kuma ya raba hankali da wata jaridar barkwanci da ya kafa a 1894, wadda ba ta yi tsawon rai ba. Kuɗi suka yi ɓatan dabo, aka tuhume shi. Maimakon ya tsaya gaban alƙali, sai ya tsere zuwa Honduras a 1896. Ciwon ajalin matarsa, Athol, ya dawo da shi gida, aka yanke masa shekara 5 a 1898.

A kurkukun Ohio sana'ar ƙuruciya ta yi masa rana. Aka ba shi aikin dare a ɗakin magani, inda ya sami kaɗaici da takarda, ga kuma fursunoni kowa da labari a bakinsa. Yana rubutawa yana aikawa ta hannun wani a New Orleans, don kada editoci su gane inda saƙon ya fito. Sunan O. Henry da yake sa wa labaran labule ne na rufin asiri. Ko 'yarsa Margaret ɓoye mata aka yi.

Da ya fito a 1901, bai daɗe ba ya tare a New York, kuma daga ƙarshen 1903 yana ba jaridar New York World labari guda duk mako. Mutanen labaransa 'yan matan kanti ne da masu haya a ɗaki ɗaya. Mu tuna labarinsa na 1905: mata ta sayar da gashinta ta sayo wa miji sarƙar agogo, ashe shi ma ya sayar da agogon ya sayo mata matazai. Wannan juyin ba-zata a ƙarshe shi ne tambarinsa, kodayake, a gaskiya, gaggawar cika alkawarin jarida ta sa wani lokaci ɗinkin yakan fito fili.

Giya da bashi suka ci ƙarfinsa, ya rasu a 1910 yana ɗan shekara 47. Sai bayan mutuwarsa akasarin masu karatu suka ji zancen kurkukun, kuma tun 1919 ake ba da kyautar gajerun labarai da sunan aron nan.