Ɗakin gwaji da ɗakin ikirari

Da wuya ɗan Katolika ya ce zai karanci ilimin halayyar ɗan Adam bai samu wanda zai ja shi gefe ya ce masa ya yi hattara ba, wai fannin nan yana cinye bangaskiya. Mu da muke cikin aikin mun sha jin wannan gargaɗi, kuma masu yin sa ba mugunta ke sa su ba. Sai dai tarihin fannin ya nuna da limamai aka fara shi.

A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus, inda ake auna saurin ji da gani da yadda hankali ke amsawa. A shekarar ce kuma Paparoma Leo na 13 ya umarci makarantun Ikilisiya su koma ga koyarwar Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya ce jiki da rai tare suke yin mutum guda. Mai riƙe da wannan koyarwa ba ya jin tsoron agogo da ma'auni. Shi ya sa Fada Désiré Mercier na jami'ar Louvain a Beljiyam, wanda daga baya ya zama Kadinal, ya tura Armand Thiéry ya koyo aikin a wurin Wundt. Wani limamin Amurka, Edward Pace, shi ma a hannun Wundt ya samu digirin dakta a 1891, ya koma Washinton ya kafa ɗakin gwaji a Jami'ar Katolika ta Amurka. A Italiya kuwa Agostino Gemelli, likita ɗan ɗariƙar Faransis, ya kafa jami'ar Katolika a Milan a 1921.

Rigima ta zo ne da Sigmund Freud. A littafinsa na 1927 ya ɗauki addini a matsayin ruɗin da buri ke haifarwa, kuma almajiransa da dama sun mai da jin laifi cuta ce kawai da za a cire. A 1947 Fada Fulton Sheen ya yi wa'azi mai zafi a kan hanyar Freud a babban cocin Waliyyi Patrick da ke New York, har likitocin ƙwaƙwalwa 'yan Katolika suka fito suka nuna ɓacin ransu. Paparoma Pius na 12 ya yi wa masu aikin jawabi a Afrilun 1953 da murya mai sassauci, amma a 1961 Roma ta hana limamai da masu zaman zuhudu yin aiki da hanyar Freud.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan zamanin shi ne labarin Anna Terruwe, likitar ƙwaƙwalwa 'yar Holand. Da koyarwar Akwinas take warkar da mutane, limamai da yawa sun samu sauƙi a hannunta, duk da haka a shekarun 1950 aka hana su zuwa wurinta. Sai a shekarun 1960 aka wanke ta. Waɗanda suka fi cutuwa su ne marasa lafiyar da aka raba da likitarsu.

Majalisar Batikan ta Biyu ta buɗe ƙofa a 1965, ta ce masu kula da rayuka su amfana da abin da wannan ilimi ya gano. A 1971 Fada Luigi Rulla ya kafa cibiyar fannin a jami'ar Gregoriya da ke Roma. Wasu kuma suka wuce gona da iri, suka maye gurbin tuba da yabon kai, abin da masanin fannin Paul Vitz ya soka a littafinsa na 1977.

Mai son sanin ko an kira shi ga wannan aiki ya dubi masu waswasi. Mace ce za ta je ikirari ranar Asabar, ta koma Litinin don tana shakkar ko ta faɗi komai daidai. Tana cikin rosari hankalinta ya ɗan gushe, sai ta koma farko, har dare ya raba ba ta gama ba. Wanda bai san addininta ba zai ce ta rage zuwa coci. Wanda bai san cutar ba zai ce ta ƙara addu'a, cutar kuwa ta ƙaru. Mu mukan koya mata zama da shakkar ba tare da ta maimaita ba, kaɗan-kaɗan har tsoron ya sauka. Da izininta muke magana da limaminta, shi kuma ya bi shawarar da Waliyyi Alfonsus Liguori ya bari tun ƙarni na 18: ta tsaya ga limami ɗaya, kada ta sake furta zunubin da aka riga aka gafarta.

Ƙa'idojin da Batikan ta fitar a 2008 kan masu neman zama limamai sun shata mana iyaka. Ba ma gwada ɗalibi sai da yardarsa, kuma ba a sa mu cikin malaman da ke tarbiyyarsa. Za mu iya cewa damuwa ta danne shi ko wani tsohon rauni bai warke ba. Ko Allah ya kira shi, wannan hukunci yana hannun bishop.