Cirewa da Mayar da Sitiyarin Mota Mai Jakar Iska: Bayani ga Iyalanmu na Ruwais da Kewaye

Sitiyarin motar da, irin Fijo 504 ɗin da iyayenmu suka yi ta tuƙawa tsakanin Kano da Katsina, ƙarfe ne da roba da wurin danna hon. Duk mai sifana yana iya kwance shi ya mayar. Sitiyarin motar yanzu ba haka yake ba. A tsakiyarsa, ƙarƙashin tambarin kamfani, akwai jakar iska, wadda a gida makanikai ke kira iyabag, a nan Jidda kuma ake cewa irbag. A bayan jakar akwai ɗan tulun ƙarfe mai ɗauke da sinadari mai tashi kamar albarushi. Saboda haka wanda zai taɓa sitiyari ya sani cewa abu mai fashewa zai riƙe a hannunsa. Wannan bayani na masu mota ne da direbobin gidaje da matasanmu masu koyon aiki a warsha.

YADDA JAKAR ISKA TAKE AIKI

An yi rajistar fasahar jakar iska a Amurka a 1953. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara sa ta a manyan motocinsa a farkon shekarun 1980, kuma daga ƙirar 1998 doka ta wajabta ta a gaban direba da na kusa da shi a ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka. Motar da take da ita za a ga an rubuta SRS a kan sitiyari, ma'anarsa kariya ce ta ƙari a kan bel, ba madadinsa ba.

Idan mota ta yi karo, na'urorin da ke jin bugu suna kai saƙo ga wata ƙaramar kwamfuta. Ita kuma sai ta tura wuta zuwa tulun, sinadarin ya kama, iskar gas ta cika jakar cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na sakan ɗaya. Gudun fitowarta yana iya kai kilomita 300 a awa. Wannan ƙarfi shi ne ke tare kan direba daga bugun sitiyari, kuma shi ne ke karya hannu ko muƙamuƙin wanda ta tashi a fuskarsa yana cikin gyara.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne naɗaɗɗiyar waya mai faɗi kamar zaren kaset, wadda ke cikin wani gwangwanin roba a bayan sitiyari. Masu warsha a nan suna kiran ta shariɗ. Ita ce ke kai wuta ga jakar iska da hon da maɓallan rediyo yayin da sitiyari ke juyawa. A yawancin motoci zagaye biyar take yi, biyu da rabi hagu, biyu da rabi dama. In aka wuce haka sai ta tsinke.

DALILAN DA KE SA A CIRE SITIYARI

Mafi yawan lokaci shariɗ ɗin nan ne ke lalacewa. Alamarsa ita ce hon ya daina ƙara, maɓallan sitiyari su mutu, fitilar irbag ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Wani lokaci kuma sandar sigina ce ko ta waifa ta lalace, ko rana ta cinye fatar sitiyarin, ko an yi haɗari jakar ta fita. Idan sitiyari ya karkace alhali mota tana tafiya miƙe, wannan ba dalilin cire shi ba ne. Aikin mai saitin taya ne, wanda ake kira mizan.

ZAFI DA LAIMAR JIDDA

A nan ne mazauna Ruwais ya kamata su fi kowa kasa kunne. Unguwar tana arewa da Balad, dab da Bahar Maliya, kuma duk wanda ya yi bazara a cikinta ya san yadda laima ke jiƙa gilashin mota da dare, rana kuma ta gasa ta da hantsi. A watan Yuni na 2010 zafin Jidda ya kai digiri 52. Yawancin motocinmu a bakin titi suke kwana, shekara da shekaru.

Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana cika tulun jakar iska da sinadarin amoniyam naitiret, wanda ake yin takin zamani da shi, kuma irinsa ne ya fashe a tashar jiragen ruwa ta Beirut a ranar 4 ga Agusta, 2020. An gano cewa doguwar laima da hawa da saukar zafi suna lalata sinadarin a hankali. In ya lalace, ranar da aka yi karo sai ya kama da ƙarfin da ya wuce kima, tulun ya tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su fito ta cikin jakar zuwa fuska da wuyan direba. Karo ɗan kaɗan da bai isa ya kashe mutum ba sai ya zama ajali.

Honda ta fara kiran motocinta a dawo da su a 2008. Daga baya abin ya shafi Toyota, Nissan, Mazda, Ford, BMW da wasu kamfanoni, har ya zama kiranye mafi girma a tarihin motoci. A Amurka kaɗai an kira jaka kusan miliyan 67, kuma mutanen da aka tabbatar sun mutu a duniya sun haura 30. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta sa yankuna masu zafi da laima, irin su Fulorida, a sahun farko na gyara. Takata ya karye a watan Yuni na 2017, amma motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 zuwa tsakiyar shekarun 2010 suna nan a kan titi, kuma irinsu ne talaka ke iya saya.

Don haka kafin a kira kowane makanike, a duba lambar shasi. Haruffa da lambobi ne guda 17, suna kan istimara da kuma ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya tana da cibiyar kiranyen kayayyaki masu aibi, da shafin intanet mai suna recalls.sa, inda ake shigar da lambar a ga ko motar tana ciki. In tana ciki, wakilin kamfanin ne zai canza jakar kyauta, ko da mutum ba shi ne ya fara sayen motar ba. Wakilin Toyota a ƙasar nan shi ne Abdul Latif Jameel, mai hedikwata a Jidda. Mai tambaya ba ya ɓata.

KAFIN A FARA AIKI

Wanda bai taɓa gani an yi ba, kada ya koya a kan motarsa. Ga wanda ya san hannunsa kuwa, ga tsarin da ya dace. A nemi littafin gyaran wannan motar, domin kowace ƙira da inda kusoshinta suke.

1. A ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, tayoyin gaba su miƙe sak, sitiyari yana tsakiya. A ja birkin hannu, a kashe mota, a zare makulli.

2. A kwance kan batir mai alamar ragi, wato baƙar waya, a janye ta gefe a naɗe ta da tsumma yadda ba za ta koma ta taɓa ba.

3. A jira. Kwamfutar jakar iska tana riƙe ragowar wuta bayan an cire batir, domin ta yi aiki ko da batir ya fashe a haɗari. Toyota ta ce sakan 90, Honda ta ce minti 3, wasu kamfanoni sun fi haka. Wanda ya jira minti 15 bai yi asarar komai ba.

YADDA AKE CIREWA

4. A bayan sitiyari ko a gefensa akwai ramuka. A wasu motoci kusoshi ne masu kai kamar tauraro, a wasu kuma maƙalan ƙarfe ne da ake dannawa da siririn sukudireba. In sun saki, a ɗago jakar a hankali, mai aiki yana gefe, ba fuska da fuska ba.

5. Soket ɗin jakar yawanci ruwan ɗorawa ne, kuma yana da ɗan makulli a kansa. A ɗaga makullin tukuna, sannan a zare. Kada a fizgi waya. Kada kuma a sa mitar gwada wuta a ƙafafun jakar, domin 'yar wutar mita tana iya tayar da ita.

6. A ɗauki jakar fuskarta tana kallon waje, ba ƙirji ba. A ajiye ta a inuwa, tambarin kamfani yana kallon sama, ba komai a kanta, nesa da yara. In aka kifa ta ta tashi, sama za ta yi kamar harsashi.

7. A zare soket ɗin hon da na maɓallai. A sa alama da fenti ko maka a kan sitiyari da kan sandar da yake kai, yadda za a gane haƙorin da ya zauna.

8. A kwance babban notin tsakiya, amma kada a cire shi duka. A bar shi a kan 'yan zagaye, a jijjiga sitiyarin hagu da dama ana ja. Notin shi ne zai tare shi kada ya fizgo ya daki mutum a baki. In ya ƙi, a sa ƙarfen jan sitiyari. Ba a dukan sandar da guduma, domin an ƙera ta ne yadda za ta lotsa lokacin haɗari.

9. Da zarar sitiyari ya fita, a liƙe shariɗ da salatif a inda yake. Kada a juya tayoyi, kada a bar yaro ya yi wasa da shi.

YADDA AKE MAYARWA

In shariɗ ya motsa, a juya shi a hankali zuwa gefe ɗaya har ya yi tauri, sannan a dawo da shi kamar zagaye biyu da rabi har alamominsa su haɗu. Adadin yana rubuce a jikinsa. Sabon shariɗ yana zuwa da ɗan makullin roba da ba a cirewa sai an ɗora shi. Wanda ya yi kuskure a nan, ranar da ya juya sitiyari ƙarshe zai shiga kwana sai ya ji ƙas, waya ta tsinke, jakar ta mutu.

Sai a zura wayoyi ta raminsu, a daidaita alamar fenti, a ɗaure noti da sifana mai awon ƙarfi. A Toyota da yawa awon shi ne 50 a ma'aunin nuton-mita. A mayar da soket na hon, a danna mai ruwan ɗorawa har makullinsa ya zauna, a ɗaure jakar. A haɗa batir ba kowa a cikin mota. A kunna makulli daga gefe, kai da ƙirji ba su saitin sitiyari. Fitilar irbag za ta kama na kamar sakan 6 ta mutu. In ta ƙi kamawa sam, ko ta ƙi mutuwa, aiki bai yi ba, sai an kai wa mai kwamfuta. Motoci masu na'urar hana santsi sukan buƙaci a sake saita musu ma'aunin juyawar sitiyari.

KAYAN TASHLIH DA NA JABU

Sabuwar jaka tana da tsada, shi ya sa mutane ke nufar tashlih, wato inda ake kwance matattun motoci. Madubi ko ƙofa ba laifi. Jakar iska kuwa ba ta da hanyar gwaji, sai ranar da ake bukatarta. Mai saye bai san ko ta Takata ba ce, bai san ko ruwa ya taɓa shanye motar ba. Mazauna Jidda ba su manta da ambaliyar 25 ga Nuwamba, 2009 ba, wadda ta kashe fiye da mutum 100 ta kuma tafi da dubban motoci, ga ta Janairun 2011 da ta Nuwamban 2022. Akwai kuma na jabu masu ɗauke da tambarin kamfani, waɗanda hukumar Amurka ta yi gargaɗi a kansu tun 2012. Araha ba ta ado.

Mafi muni shi ne abin da wasu marasa tsoron Allah ke yi wa motar da ta yi haɗari: su rufe ramin da murfi ba komai a ciki, su sa 'yar na'ura ta ruɗi kwamfuta, ko su kashe fitilar gaba ɗaya, su kai kasuwa. Wannan ha'inci ne da ke iya cin rai. Mai sayen tsohuwar mota ya kunna makulli ya ga fitilar ta kama ta mutu da idonsa. Wannan nasiha ta shafi 'yan'uwa a gida masu sayen kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano, a isar musu.

ZAMA A GABAN JAKAR ISKA

Ɗaura bel ya zama tilas a Saudiyya tun watan Disamba na 2000, kuma jaka ba ta da amfani sosai in ba shi. A bar tazarar santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari. Wannan ya fi shafar gajeru, da 'yan'uwanmu mata da suka fara tuƙi tun daga watan Yuni na 2018. Yara 'yan ƙasa da shekara 13 su zauna a baya. Kada uwa ta rungume jariri a kujerar gaba, ko da daga Ruwais zuwa Balad ne. Kada a manna ado ko maƙalin waya a kan tsakiyar sitiyari.

Wanda ya karanta wannan ya ɗauko istimararsa yau ya duba lambar shasi, ya kuma duba wa dattijon da bai iya intanet ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu gida lafiya, amin.